Guliyelmo Markoni, Wanda Ya Sa Jirgin Ruwa Ya Yi Magana da Tudu

Mu mazauna Bukuru tsakaninmu da teku ya fi mil 300, da yawa cikinmu kuwa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufan haƙar kuza faɗi ba. Amma garin nan ya daɗe da hulɗa da jiragen ruwa. Tun daga 1914, sa'ad da ƙaramin jirgin ƙasa ya iso nan daga Zariya, kuzar Filato ta riƙa bin dogo zuwa bakin teku, daga can jirgin ruwa ya ɗauke ta zuwa Ingila a narke. Kuza kuma ita ce a ke narkawa a liƙe wayoyin cikin akwatin rediyo. Saboda haka ya kamata mu san labarin mutumin da ya sa jirgin ruwa ya iya magana da tudu yana cikin tafiya, watau Guliyelmo Markoni, mutumin Italiya.

Kafin zamaninsa, in jirgi ya bar gaɓa ya ɓace wa ido, labarinsa ya yanke ke nan sai ran da ya isa wata gaɓa. In bai isa ba, sai a yi ta jira har a gaji. Cikin watan Janairu 1870 wani jirgi mai suna City of Boston ya tashi daga Halifax ta Kanada za shi Liverpool da mutum kusan 200, har yau ba wanda ya san inda ya nutse. A lokacin nan kuwa akwai tangaraho. An shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku tsakanin Turai da Amurka tun 1866, irinta kuma ta iso Ikko a 1886. Amma ita waya daga gari zuwa gari ta ke tafiya, ba yadda za a ɗaura ta a jikin jirgin da yau yana nan, gobe ya yi ɗaruruwan mil gaba.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Markoni ran 25 ga Afrilu 1874 a birnin Bolonya, arewacin Italiya. Ubansa Giuseppe mai gonaki ne, mai hali. Uwarsa Annie Jameson mutuniyar Ailan ce, daga gidan attajirai masu yin barasa, ita ce ta koya masa Ingilishi tun yana ƙarami. Bai zauna makaranta sosai ba. Yawancin karatunsa a gida aka yi masa, bai kuwa sami takardar jami'a ba. A garin Livorno, bakin teku, wani malami Vincenzo Rosa ya koya masa ilmin lantarki, a Bolonya kuma wani shehun malami, Augusto Righi, ya yarje masa ya riƙa shiga ɗakin gwaje-gwajensa.

A zamanin nan akwai wani masani a Jamus, Heinrich Hertz, wanda ya nuna a 1887 da 1888 cewa in tartsatsin lantarki ya yi tsalle tsakanin ƙarfe biyu, wani irin motsi ya kan fita ya bazu cikin sarari, kamar yadda fuskar kududdufi ta ke yi in an jefa dutse a tsakiya. Ba a ganin igiyoyin nan, ba a jinsu, gudunsu kuwa daidai da na haske ne, mil 186,000 a daƙiƙa ɗaya. Hertz ya rasu a farkon 1894. Cikin shekaran nan Markoni, yana ɗan shekara 20, ya karanta bayanin aikinsa. Yawancin masana sun ɗauki igiyoyin abin nazari ne a ɗakin gwaji, shi kuwa abin da ya shiga ransa shi ne ko za a iya ɗora musu saƙo.

Ya shiga wani ɗaki a can saman benen gidan gonarsu da a ke kira Villa Griffone, inda a da a ke kiwon tsutsar siliki, ya duƙufa. Ubansa da fari ganin ɓata lokaci ya ke yi, uwarsa ce ta tsaya masa. Kayan da ya yi aiki da su yawancinsu waɗansu ne suka ƙago. Akwai abin ta da tartsatsi irin na Hertz da Righi, akwai kuma ɗan bututun gilashi mai garin ƙarfe a ciki, wanda Branly na Faransa da Lodge na Ingila suka yi aiki a kansa. Shi wannan gari ya kan manne in igiyar lantarki ta taɓa shi, wuta ta sami hanyar wucewa, ƙararrawa ta kaɗa. Abin da Markoni ya ƙara a 1895 shi ne ya ɗaga waya sama bisa dogon sanda, ya binne farantin ƙarfe cikin ƙasa, ya haɗa su da na'urar. Nan da nan nisan da saƙo ke kaiwa ya ƙaru ƙwarai. Ya aika mutane, da wansa Alfonso cikinsu, su kai na'urar karɓa bayan wani tudu, wajen mil ɗaya da rabi, inda ba ya ganinsu. Ya buga alama, suka harba bindiga don ya san ta iso. Ashe tudu bai tare ta ba.

Tafiya Ingila

Cikin Fabrairu 1896 ya tafi Landan tare da uwarsa. Dalilin zaɓen Ingila a fili ya ke: a can dangin uwarsa su ke da hanya, kuma ba ƙasar da ta kai ta yawan jiragen ruwa a lokacin. Ran 2 ga Yuni ya nemi takardar gwamnati mai shaida cewa dabarar tasa ce. Babban injiniyan gidan waya, William Preece, ya karɓe shi, ya ba shi ma'aikata, cikinsu har da George Kemp, tsohon sojan ruwa, wanda ya zama na hannun damansa har tsufa. Cikin Mayu 1897 suka aika saƙo bisa ruwa a mashigin Bristol, da fari wajen mil 4, daga baya wajen mil 9, watau kamar daga Bukuru zuwa Jos. Ran 20 ga Yuli 1897 aka kafa kamfaninsa da kuɗin dangin uwarsa da abokansu.

Daga nan ya mai da hankali ga teku, gama a tudu tangaraho ya riga ya kama kasuwa. Cikin Yuli 1898 ya hau wani ƙaramin jirgi, Flying Huntress, ya bi tseren jiragen ruwa a Kingstown ta Ailan, yana aika wa wata jaridar Dublin labari tun jiragen ba su komo ba. A watan Agusta ya haɗa Sarauniya Biktoriya, tana gidanta a tsibirin Wight, da ɗanta Yarima, wanda ke jiyyar gwiwa cikin jirginsa. Waɗannan sun sa sunansa ya bazu, amma aikin da ya fi amfani shi ne na jirgin fitila na East Goodwin, wanda a ke girkewa kusa da wani yashi mai cin jirage, mil 12 daga gaɓa. Ran 28 ga Afrilu 1899, cikin hazo, wani jirgi ya banke shi, ma'aikatan suka buga wayar iska zuwa tudu suka faɗi halin da su ke ciki. Cikin Nuwamba na shekaran nan Markoni yana komowa daga Amurka cikin jirgin St. Paul, ya sadu da tasharsa ta tsibirin Wight tun da sauran mil 66 na teku, kusan nisan Jos da Bauchi. Da labarin da aka karɓa aka buga 'yar jarida a cikin jirgin, fasinja suka karanta.

Jirgin fatauci na Ingila na farko da aka sa wa wayar Markoni shi ne Lake Champlain, a 1901. Na kamfanin Elder Dempster ne, kamfanin nan da jiragensa suka daɗe suna jigila tsakanin Liverpool da Ikko, ko da ya ke shi wannan jirgi hanyar Kanada ya ke bi.

Giɓin da ya rage

Mil 66 abin mamaki ne a lokacin, amma tekun Atilantika ya yi mil dubu biyu da ɗoriya. Jirgi ya kan yi magana da tudu ran da ya tashi da ran da ya kusa isa, kwanakin tsakiya kuwa shiru. Sauran rayuwar Markoni ta tafi ne wajen toshe wannan giɓi, matsalolin kuwa ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce cuɗanya. Na'urorin farko kowace tana watsa tartsatsinta ba tsari, in biyu suka buga tare sai ya zama kamar hayaniyar kasuwa, ba mai jin wani. A 1900 Markoni ya sami takardar shaida mai lamba 7777 a kan dabarar daidaita zango, yadda kowace tasha za ta tsaya a nata, mai karɓa kuma ya zaɓi wadda ya ke so. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana neman tasha, da wannan dabara ya yi aiki.

Ta biyu ita ce nisa. Masana da yawa sun ce igiyoyin miƙe su ke tafiya kamar haske, duniya kuwa ƙwallo ce, saboda haka in an yi nisa za su bi ta saman jirgi su wuce. Markoni ya gina babbar tasha a Poldhu, kudu maso yammacin Ingila, ya ƙetare zuwa St. John's a Newfoundland. Iska ta hana shi sakat, sai ya ɗaura waya a jikin abin wasan nan na ƙyalle da iska ke ɗagawa sama a riƙe da zare. Ran 12 ga Disamba 1901 shi da Kemp suka ba da shaida cewa sun ji gajeren bugu uku, watau harafin S cikin baƙaƙen Mos, daga nisan mil 2,100. Ba wani na waje da ya ji tare da su, ba kuma na'urar da ta rubuta, saboda haka aka yi gardama, har yanzu ma masana ba su daina ba.

Amsar da ya bayar a cikin jirgin ruwa ya ba da ita. Cikin Fabrairu 1902 ya shiga jirgin Philadelphia za shi New York, da na'ura mai rubuta saƙo a zirin takarda, kyaftin yana sa hannu a kan abin da ya shigo. An karɓi saƙon da a ke iya karantawa har mil 1,550 daga Poldhu, alamu kuwa har wajen mil 2,100. A tafiyan nan ne kuma matsala ta uku ta bayyana: da rana saƙon ya kan mutu a wajen mil 700, sai da dare ya ke yin nisa. Markoni bai san dalili ba. A 1902 Kennelly a Amurka da Heaviside a Ingila suka yi hasashen akwai wani rufi na iska mai lantarki can sama, wanda ke mayar da igiyoyin ƙasa, Appleton kuma ya tabbatar da shi a 1924. Rana tana canja halin rufin nan, shi ya sa mai rediyo ya kan kama tashoshin nesa da dare fiye da tsakar rana.

Cikin Oktoba 1903, shekaran da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Markoni yana cikin jirgin Lucania, ya riƙa karɓar labari daga Poldhu da kuma Kanada tun daga tashi har isa. Karɓa ke nan, gama manyan tashoshin tudu su ke da ƙarfin kaiwa nesa, na'urar jirgi kuwa muryarta ba ta kai can. Dabarar da aka yi ita ce miƙa saƙo hannu da hannu. Kamfanin ya kan buga taswira mai nuna ranar da kowane jirgi zai kusanci wani a teku, wannan ya miƙa wa wancan, har saƙo ya kai tudu. A 1909 aka ba Markoni kyautar Nobel tare da Ferdinand Braun na Jamus.

Daren da aka yi barci

Ran 23 ga Janairu 1909, cikin hazo, jirgin Florida ya banke jirgin Republic kusa da gaɓar Amurka. Ma'aikacin waya Jack Binns ya zauna cikin ɗakinsa da bango ya fashe, cikin tsananin sanyi, yana aiki da batir tun da injin ya mutu, har jirgin Baltic ya lalubo su. Mutum 6 suka mutu a karon, aka kwashe fiye da 1,500 lafiya. Duniya ta yi murna, mutane suka ɗauka tun da akwai waya a jirgi magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, gama akwai matsala ta huɗu wadda ba ta na'ura ba ce. Masu buga waya ma'aikatan kamfanin Markoni ne, da su da na'urar haya a ke ba masu jirgi, ribar kuwa daga saƙonnin fasinja ta ke fitowa. Yawancin jirage mutum ɗaya ne ke riƙe da wayar, in ya kwanta jirgin ya kurumce. Har wa yau kamfanin ya daɗe yana hana ma'aikatansa amsa saƙon na'urorin waɗansu kamfanoni in ba na hatsari ba ne, abin da ya jawo taron ƙasashe a Berlin a 1903 da 1906. A taro na biyu ne aka amince da alamar SOS.

Ran 14 ga Afrilu 1912, da ƙarfe 11.40 na dare, jirgin Titanic ya bugi dutsen ƙanƙara. Yana da masu waya biyu, Jack Phillips da Harold Bride. Kafin karon, Cyril Evans na jirgin Californian, wanda ƙanƙara ta tsayar ba nisa da su, ya bugo don ya yi gargaɗi, amma Phillips yana fama da tulin saƙonnin fasinja, ya katse shi. Evans shi kaɗai ne a jirginsa, ya yini yana aiki, jim kaɗan ya kashe na'ura ya kwanta. Sa'ad da Titanic ya shiga kiran taimako, jirgin da ya fi kusa ba mai saurare a cikinsa. Wanda ya ji shi ne Harold Cottam na jirgin Carpathia, mil 58 daga wurin, shi ma yana shirin kwanciya ne, bai riga ya cire abin saurare daga kunne ba. Titanic ya nutse da ƙarfe 2.20, Carpathia ya iso wajen ƙarfe 4, ya tsamo mutum 700 da 'yan kai daga kwale-kwale. Wajen 1,500 suka hallaka, da Phillips cikinsu. Shi Markoni an yi masa tayin tafiya cikin jirgin, amma ya riga ya wuce cikin Lusitania kwana uku kafin tashinsa.

Waɗanda suka tsira, wayar iska ce sanadin tsirarsu, ba mai musun wannan. Amma binciken da aka yi a Amurka da Ingila, inda Markoni kansa ya ba da shaida, ya nuna cewa na'ura ba ta da amfani in ba kunne a kanta. Cikin 1912 Amurka ta yi doka cewa manyan jirage su ɗauki masu waya biyu, a riƙa saurare dare da rana, a kuma tanadi wutar ko-ta-kwana. Cikin Janairu 1914 ƙasashe suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar tsare rayuka a teku. Aka kuma kafa al'ada cewa sau biyu cikin kowace sa'a kowa ya yi shiru na minti uku a zangon kiran taimako, ko akwai mai rauniyar murya da ke kira. A lokacin, a agogon ɗakin waya a kan shafa wa mintocin nan jan fenti.

Jirgin Elettra

Cikin Satumba 1912 Markoni ya yi hatsarin mota a Italiya, ya rasa idonsa na dama. A Yaƙin Duniya na Farko ya yi wa ƙasarsa aiki cikin sojan ƙasa da na ruwa. A 1919 ya sayi wani jirgin shaƙatawa mai tsawon ƙafa 220, ya sa masa suna Elettra, ya mai da shi gida da ɗakin gwaji gaba ɗaya. Amfanin jirgi a gare shi shi ne yana iya matsawa nesa ko kusa da tasha yadda ya so, yana auna ƙarfin saƙo.

Har zuwa lokacin nan, shi da yawancin injiniyoyi sun gaskata cewa sai da dogon zango, mai dubban mita, da manyan injuna masu cin wuta, a ke kai saƙo nesa. Masu wasa da rediyo a gidajensu, waɗanda aka bar wa gajeren zango don an ɗauka ba shi da amfani, su ma sun fara gano ba haka ba ne. A 1923 Markoni da injiniyansa C. S. Franklin suka gwada. Franklin yana bugowa daga Poldhu a kan mita 97, Elettra kuwa ya gangaro kudu har tsibiran Cape Verde, yamma da Senegal, fiye da mil 2,000. Da dare saƙo ya riƙa shigowa da ƙarfi, da wuta kaɗan ƙwarai. A 1924 suka rage zango zuwa mita 32, jirgin yana Beirut, sai ga saƙo yana shigowa har da tsakar rana. Matsalar da ya gamu da ita cikin Philadelphia ta sami magani bayan shekara 22.

Ya yi watsi da hanyar da ya kashe dukiya a kanta, ya koma wa gajeren zango, da eriya mai tattara igiyoyi ta nufa su wuri ɗaya kamar hasken tocila. A 1926 da 1927 aka haɗa Ingila da Kanada, Ostareliya, Afirka ta Kudu da Indiya ta wannan hanya. Ran 26 ga Maris 1930, yana cikin Elettra a Genoa, ya danna maɓalli fitilu suka kama a birnin Sydney. Cikin 1934 kuma ya nuna yadda za a shigar da jirgi tashar Sestri Levante da tagogin ɗakin tuƙi a rufe, igiyoyin rediyo kaɗai ke yi masa ja-gora. Gajeren zangon nan shi ne ya kawo wa ƙasar Hausa muryoyin nesa, kamar Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya auri Beatrice O'Brien a 1905, suka rabu a 1924. A 1927 ya auri Maria Cristina Bezzi-Scali, ta haifa masa 'ya a 1930, ya sa mata sunan jirginsa.

Akwai abin da ba daidai ba ne a ɓoye cikin tarihinsa, balle ga mu mutanen Afirka. A 1923 ya shiga jam'iyyar Fasist ta Musolini. A 1930 Musolini ya naɗa shi shugaban majalisar masana ta Italiya, muƙamin da ya ba shi kujera a babbar majalisar jam'iyyar. Sa'ad da Italiya ta auka wa Habasha cikin Oktoba 1935, Markoni ya goyi bayan yaƙin a fili, ya yi ta kare shi a ƙasashen waje. Ya nemi BBC ta bar shi ya yi jawabi a kan haka, aka hana shi, ko da ya ke kamfaninsa yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1922. Yaƙin da ya kare kuwa shi ne wanda aka zuba wa Habashawa iska mai guba daga jiragen sama. Takardun da aka binciko daga baya sun kuma nuna cewa a zamanin shugabancinsa an riƙa tare wa masana Yahudawa hanyar shiga majalisar.

Ciwon zuciya ya dame shi shekara da shekaru. Ya rasu a birnin Rum ran 20 ga Yuli 1937, yana da shekara 63. Kashegari tashoshin waya da na rediyo a Ingila da ƙasashe da yawa suka yi shiru na minti biyu. An binne shi a Villa Griffone, gidan da ya fara gwaji. A 1943 babbar kotun Amurka ta soke yawancin haƙƙinsa na can a kan dabarar daidaita zango, domin Lodge, Tesla da Stone sun riga shi. Popov na Rasha da Bose na Indiya su ma sun yi aiki da igiyoyin nan a shekarun da ya fara. Shi Elettra, Jamusawa suka ƙwace shi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi masa ruwan bom a 1944, daga baya aka yanyanka shi aka rarraba wa gidajen tarihi a Italiya.

Abin da ya biyo baya

Bayan rasuwarsa da shekara 39, a 1976, aka harba taurarin ɗan'adam na farko da aka keɓe don jiragen ruwa, a 1979 kuma aka kafa ƙungiyar Inmarsat. Irin taurarin nan suna can sama da tsakiyar duniya, wajen mil 22,000, suna juyawa daidai da juyin ƙasa, saboda haka mai kallo daga ƙasa gani ya ke kamar a tsaye su ke. Wahalar ita ce jirgi ba ya tsayawa, yana gaba, yana tangaɗi, yana juya kai. Domin haka a kan sa farantin eriya cikin wani farin ƙoƙo a saman jirgi, da ƙananan injuna masu juya shi kullum don kada ya kau da fuska daga tauraron. Ran 1 ga Fabrairu 1999 sabon tsarin kiran taimako ya maye gurbin baƙaƙen Mos a manyan jirage, na'ura ce ke saurare yanzu, ba ta kuwa barci.

A 2022 kamfanin Starlink ya fara sayar wa jiragen ruwa intanet ta dubban ƙananan taurari da ke yawo ƙasa-ƙasa, wajen mil 340 daga doron ƙasa. Su ba sa tsayawa wuri ɗaya, kowane ya kan ratsa sararin sama cikin 'yan mintoci. Eriyarsu shimfiɗaɗɗiya ce, da lantarki ta ke karkata igiyoyinta, kafin tauraro ɗaya ya faɗi ta kama na bayansa. Wanda ya tuna da taswirar Markoni ta miƙa saƙo daga jirgi zuwa jirgi zai ga dabarar ɗaya ce, sai dai an mai da ita sama. Cikin Disamba 2024 kuma gyaran dokar ƙwadago ta ma'aikatan teku ya fara aiki, wanda ya ce masu jirgi su yi iyakar ƙoƙari su samar wa ma'aikatansu intanet, don matuƙin da ya yi wata shida a ruwa ya riƙa jin muryar iyalinsa.

Markoni bai gano igiyoyin rediyo ba, bai kuma ƙago yawancin kayan da ya fara aiki da su ba. Nasa shi ne naciya a kan bukata ɗaya, daga 1895 har ƙarshen ransa, da yarda ya gwada abin da manya suka ce ba shi yiwuwa, da kuma yarda ya bar hanyarsa sa'ad da gwaji ya nuna akwai wadda ta fi ta. In muka zo ba yara labarinsa, ya kamata mu ba su shi duka, da tudun Villa Griffone, da Cottam wanda bai cire abin saurare ba, da kuma Habasha.